Amsar tambayar Hajiya kan gaisuwar bukukuwan Yahudawa

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari muryarki, kin ce abokiyar aikinki Bayahudiya tana miki barka da Sallah, ke ma kina son ramawa ba tare da kuskure ba. To, madalla.

Ki fara riƙe wannan: ranarsu da faɗuwar rana take shiga, kamar tamu. Masu riƙo da addini a cikinsu ba sa taɓa waya ranar Asabar da manyan ranakun biki. Saboda haka ki tura saƙon tun da la'asar ta jajibirin bikin, kafin magariba ta shiga. In kin makara, shiru za ki ji, kada ki ce wulaƙanci ne.

Sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, tana faɗowa a Satumba ko farkon Oktoba. Shekarar 5786 ta kama ne da yammacin 22 ga Satumba 2025. Ana cewa "Shana tova", wato shekara mai alheri. A lokacin suna tsoma tuffa cikin zuma, suna busa ƙahon rago.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne Yom Kippur, rana ta 10 ga watan da sabuwar shekarar ta kama. Ranar tuba ce, azumin wajen awa 25, ba ci ba sha. Kada ki tura mata hoton kek da balan-balan, don Allah. Ki ce "Tzom kal", azumi mai sauƙi. Kalmar tzom ɗin nan 'yar'uwar saum ce ta Larabci, inda azuminmu ya samo suna.

Hanuka kuma, finafinan Amurka sun ɗaga ta har mutane na ɗauka ita ce Kirsimetin Yahudawa, don tana zuwa wajen Disamba. A addinance ƙaramin biki ne, ba ya cikin Attaura. Kwana 8 ake kunna kyandir, kowane dare a ƙara ɗaya. "Hanuka sameyah", wato barka da Hanuka, ta wadatar.

A Pesah, tunawa da fitar Annabi Musa da mutanensa daga Masar, ki ce "Hag sameyah", wato barka da biki. H ɗin daga maƙogwaro, kamar "kha" ta Larabci. Kwana 7 ne a Isra'ila, 8 a waje, kuma ba sa cin abin da ya kumbura da yis, to kada ki kai mata burodi ko fanke. 'Ya'yan itace sun fi, Hajiya.