Ƙanin maigidana ya ce in zuba garatutina, wai kamfanin yana da takardar CAC

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi ritaya daga koyarwa a wata firamare a Tudun Wada, Kaduna, kuma garatutina ya fito. Ƙanin maigidana ya matsa in zuba a wani kamfani mai ba da ribar kashi 15 duk wata, har ya nuna min takardarsu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Hankalina bai kwanta ba, ga shi ina jin nauyin ce masa a'a.

Amsa: Wa'alaikumussalam, Hajiya. Ki fara tambayarsa cikin raha: nawa ake ba shi a kan kowane mutum da ya kawo? Karɓar kamasho ba laifi ba ne, amma mai gaskiya shi ke faɗa tun ba a tambaye shi ba. Wataƙila ma kuɗinsa na ciki, kuma wanda ya riga ya zuba ba ya son jin aibin wurin.

Sai maganar CAC, wadda wallahi na gaji da ita. Kullum sai an turo min hoton takardar nan a waya, an saka ta a firam an rataye bayan kujerar manaja, ana cewa "ai gwamnati ta san da su". Me ta sani? Sunan kamfani ta yi wa rajista, kamar yadda take yi wa mai shagon atamfa a Kasuwar Barci. CAC ba ta ba kowa izinin karɓar kuɗin jama'a ya juya ba. Wannan aikin SEC ne, hukumar kula da harkar zuba jari, ajiyar banki kuma na Babban Bankin Najeriya, CBN. Da CBEX, wata manhajar zuba kuɗi ta intanet, ta rushe a Afrilun 2025, SEC ta fito ta ce CBEX ba ta da rajista a wurinta. MMM, wata harkar zuba kuɗi mai alƙawarin riba mai yawa, ta ci mutane a 2016, amma har gobe takarda mai hatimi na kashe mana jiki. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga masu wannan damfarar, sai dai ɗauri ba ya dawo da garatuti.

Ki yi lissafi da kanki. Kashi 15 a wata, kashi 180 ke nan a shekara. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya na 2025, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, bai kai kashi 20 a shekara ba. Wace sana'a suke yi?

Ki sa yaro ya duba sunansu a jerin kamfanonin da ke shafin SEC. In babu, ki ce wa ƙanin naku kin riga kin yi wa kuɗin wuri.