Tambayi Ɗan Riwaya: Batir sabo ne amma mota ta ƙi tashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum oga. Ni direba ne a Gembu, ina jan Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya mai injin dizal 1HZ, ina ɗauko masara daga ƙauyukan kan tsaunin Mambila. Tunda damina ta kankama motar nan ta sa ni a gaba, yau ka murɗa ki ta tashi bugu ɗaya, gobe sai dai ka ji ƙas ƙas shi ke nan sai turi. Batir biyu na canza cikin wata huɗu, kuma in na faɗa gargada da dare sai fitila ta dushe ta dawo. Wani ya ce kik ne, na'urar da ke tada inji, wani ya ce altaneta mai cajin batir, ni dai aljihuna ke jin jiki.

AMSA: Wa alaikumus salam direba, sannu da fama. Don Allah ka bar mai shagon batir ya huta haka nan, ni ban ga laifin batir a labarinka ba, wannan fitilar da ke dushewa in ka faɗa rami ita ta tona asirin, akwai wayar da ta saki ko tsatsa ta ci, kuma wadda na fi zargi ita ce katuwar wayar nagatif da ta tashi daga batir ta kama bodi da inji. Mutane suna mantawa wuta sai ta je ta dawo, ƙarfen motar shi ne hanyar dawowarta, to motar da kullum tana cikin laka tana tsallake rafi, nan gindin notin da wayar ta kama ne ke fara yin kore da tsatsa, ta waje ka gan shi lafiya lau, sai ka kwance ka ga abin mamaki.

Ka samu mitar auna wuta, ko aro ne. Da safe kafin ka tada mota ka ɗora ta a kan batir, cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6, in ka ga 12.2 ya kai rabi. Sai wani ya murɗa ki kana kallo, lafiyayyen batir bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba lokacin da kik ke juyawa. In motar ta tashi ka ɗan taka totur, 13.8 zuwa 14.4 na nufin altaneta na caji, ka wanke shi daga zargi. In kuwa ya tsaya a 12 da ɗoriya to fara duba fambel, bel ɗin da ke juya altaneta, tukuna kafin a kwance komai. Wasu tsofaffin Land Cruiser masu bolt 24 ne, in irin su ce taka sai ka ninka waɗannan lambobin.

Ga gwajin da na fi so, wanda yawancin yaran gareji ba sa yi. Ka sa bakin mita ɗaya a kan nagatif na batir, ɗayan a jikin inji wurin da ba fenti, a murɗa ki. Kamata ya yi ka ga 0.2 ko 0.3, in ya doshi rabin bolt ko ya wuce to ka kama ɓarawonka. Babu mita? Ɗauki wayar jona batir guda ɗaya ka haɗa nagatif da jikin inji kai tsaye, in ta tashi garau magana ta ƙare. An taɓa kawo min wata mota wadda kebul ɗin totur ke zafi har robarsa ta narke, mai ita yana ta rantsuwa sammu aka yi masa, ashe wutar kik ce ta rasa hanya take bi ta nan. Maganin bai wuce a kwance, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau a shafa giris ba, haka ma kawunan batir biyu. In duk an yi wannan ƙas ƙas ɗin bai daina ba sai a buɗe sulinoyid na kik, wato makunnin da ke tura masa wuta, akwai 'yan tagulla a ciki da ke cinyewa, ana canza su kaɗai ba sai an sayi kik ɗungurungum ba.

Kuma kar ka yarda wani ya cire kan batir inji na aiki wai yana gwada caji, haka ake kashe altaneta mai lafiya.

TAMBAYA: Malam muna da Polaris Ranger, 'yar ƙaramar motar shiga daji, a gonarmu kusa da Zariya, mun sa mata doguwar fitila a sama, mun kuma sa winci na jan kaya, yanzu in ta kwana uku a ajiye batir ya mutu murus.

AMSA: Alhaji wani abu ne ke shan wuta bayan an zare ki, kuma na kusa rantsewa wanda ya sa muku fitilar kai tsaye ya ja ta daga batir ba fiyus ba rilai, wato makunnin da zai yanke mata wuta in an zare ki. A kashe komai, a cire kan nagatif, a juya mita zuwa amfiya, wato awon wutar da ke gudana, a sa ta tsakanin kan batir da wayar, in ya haura miliamfiya 50 akwai matsala, sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ana cire kayan da aka ƙara har lambar ta faɗo. Kar dai a murɗa ki mita na haɗe haka, za ta ƙone. Sannan batirin irin waɗannan ƙarami ne, winci kuwa aci-bal-bal ne, a riƙa jan sa inji na aiki.

TAMBAYA: Fiyus ɗin fitilar Hilux ɗina na yawan ƙonewa, na naɗa masa siririyar waya yanzu ya daina. Da matsala?

AMSA: Babba ma kuwa ɗan'uwa. Galibi fiyus na ƙonewa ne don waya ta goge tana taɓa bodi, yanzu da ka hana shi mutuwa wayar ce za ta ɗau zafi a madadinsa. Cire ta yau ɗin nan ka mayar da mai lamba daidai da na asali, sannan a bi wayar fitilar a duba duk inda ta ratsa ƙarfe, musamman bayan gilashin fitila da inda ta shiga cikin mota.