Tambaya da Amsa: Wane Irin Gida Ake Kira "Bungalow"?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna neman gidan haya ni da maigidana, sai dillali ya ce yana da "bungalow" mai ɗakuna uku. A zatona kalmar tana nufin katafaren gidan masu hannu da shuni, amma da muka je sai muka tarar da madaidaicin gida. Dillalin ne ya yi kuskure, ko ni ce ban fahimci kalmar ba? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Dillalin bai yi kuskure ba. A Turancin Ingila, haka ma a bakin dillalanmu, wannan kalma tana nufin gidan da ba shi da bene, wato falo da ɗakunan kwana da kicin duk suna ƙasa. Girman gida ko tsadarsa ba su shiga cikin ma'anar ba.

Asalin kalmar ma ba na Turanci ba ne. Daga Indiya ta fito, daga kalmar "bangla", wadda ke nufin abin da ya fito daga Bengal, yankin da a yau ya rabu tsakanin Bangladesh da gabashin Indiya. Manoman yankin suna gina bukkoki masu rufin ciyawa, sai Turawan kamfanin cinikin nan na East India Company suka ari fasalin tun ƙarni na 17, suka faɗaɗa shi, suka kewaye shi da baranda domin samun iska da inuwa a ƙasa mai zafi. Wajajen 1870 aka fara gina irinsa a gaɓar tekun Kent a Ingila, kuma a farkon ƙarni na 20 ya bazu a Amurka, musamman a Kalifoniya da Chicago, inda ya zama gidan ma'aikata masu matsakaicin ƙarfi.

Duk da haka, zatonki yana da tushe. Yawancin gidajen da Turawan mulkin mallaka suka gina wa jami'ansu a unguwannin GRA irin wannan fasali ne, a tsakiyar fili mai faɗi da itatuwa, shi ya sa kalmar ta daɗe tana ɗauke da ƙamshin manya a kunnenmu. A Indiya kuwa har yau ana kiran babban gida mai zaman kansa da wannan suna ko da yana da bene.

A ganina, idan za ki rubuta da Hausa, "gida marar bene" ya wadatar. Wajen neman haya kuma, ki tambayi dillali ko gidan yana tsaye shi kaɗai a filinsa ko ya haɗa bango da na maƙwabci, domin dukansu biyu ana tallata su da wannan suna, alhali kuɗin hayarsu ba ɗaya ba ne.