Jami'ar gwamnati ko ta kuɗi: ina 'yata za ta fi samun kariya?

Tambaya: Assalamu alaikum. A unguwar Bronx nake, cikin birnin New York. 'Yata mai sa hijabi ta samu gurbi a jami'o'i biyu, ɗaya ta gwamnatin jiha, ɗaya mai zaman kanta da ta yi mana ragin kuɗin makaranta. Ƙanin maigidana ya ce dokokin da ake ta yi yanzu na kare Yahudawa ne kawai, ɗan Musulmi ko tari ya yi sai a kore shi. Wacce za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa karatun albarka. Ƙanin maigidan naki ya ji ƙishin-ƙishin, amma bai ji zancen duka ba.

Uwar dokokin nan ita ce sashe na shida na dokar 'yancin jama'a ta 1964. Ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda launin fata, ƙabila ko ƙasar asali, kuma galibin jami'o'in kuɗi ma suna karɓa. Ba a ambaci addini a sashen ba, sai dai tun 2004 ma'aikatar ilimi ke fassara shi da cewa ya haɗa da Yahudawa, Musulmi, Larabawa da mabiya addinin Sik idan an tsangwame su saboda asali ko kamanni. Wato idan wani ya fizge wa 'yarki hijabi yana cewa ta koma ƙasarsu, ƙofar da yaron Bayahude zai ƙwanƙwasa in an zana masa alamar Nazi a ƙyauren ɗaki, ita ce tata.

Inda maganarsa ke da ƙamshin gaskiya shi ne batun Isra'ila. A Disamban 2019 Trump ya umarci hukumomi su riƙa duba wata ma'anar ƙin jinin Yahudawa da aka amince da ita a 2016, wadda wasu misalanta suka taɓo sukar Isra'ila. Masu goyon baya sun ce ɗaliban Yahudawa na shan barazana ta gaske, kuma haka ne. Masu suka, har da wasu malamai Yahudawa, sun ce za a toshe wa mutane baki da ita. Bayan da jami'ar Columbia ta amince ta biya sama da dala miliyan 200 a 2025 kan zargin cewa ta gaza kare ɗalibanta Yahudawa, jami'o'i da dama sun shiga taitayinsu, an tsaurara ƙa'idojin zanga-zanga.

To, ta wannan fuskar ta gwamnati ta ɗan fi, don kundin tsarin mulki ya tilasta mata mutunta 'yancin faɗin albarkacin baki. Ta kuɗi kuwa, galibi littafin ƙa'idojinta ne alƙali, don haka ku karanta shi kafin ku biya ko sisi. Amma in ragin kuɗin mai tsoka ne, ni ba zan ce ku yar da shi don wannan kaɗai ba. Bashin karatu ma ciwo ne.

Ku taka ku je duka biyun. A 2025 jihar New York ta yi dokar da ta ce kowace jami'a ta naɗa jami'in kula da ƙorafin wariya. Ku tambayi ofishinsa, da kwana nawa yake ɗauka kafin ya amsa takarda. Wannan ya fi muhimmanci yanzu, tun da a 2025 an rufe ofisoshin shiyya 7 cikin 12 na karɓar ƙorafi a ma'aikatar ilimi ta tarayya, har da na New York. Ku leƙa ɗakin sallah, ku ja wata ɗaliba mai hijabi gefe ta faɗa muku gaskiyar zaman. In wani abu ya faru, ta ɗauki hoton saƙon, ta rubuta rana da shaidu, don kwana 180 ne wa'adin kai ƙara tarayya.

Ba ki faɗi takardar da take riƙe da ita ba. In haifaffiyar Amurka ce, da sauƙi. In biza ce, ku tuna da Rümeysa Öztürk ta jami'ar Tufts da aka soke wa biza aka tsare a Maris ɗin 2025 bayan wata maƙala kan yaƙin Gaza da ta sa wa hannu, ku ga lauyan shige da fice kafin ta shiga wani gangami.