Siliki ko Vicryl: zaren ɗinkin fatar ido a aikin amadari

Tambayar ɗan koyo: "Maigida, ina koyon gyaran fatar ido ta masu amadari, waɗanda gashin idonsu ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido. A kwalin kayan aiki na tarar da siliki 4/0, Vicryl 5/0, nailan da ragowar katgut. An ce mini Vicryl ya fi hana gashin komawa ciki. Wanne zan ɗauka in mun fita ƙauyukan Mayahi da Dakoro?"

Ɗana, wanda ya faɗa maka haka ya ɗora wa zare nauyin da ba nasa ba. An gwada abin a Habasha kan mutum 1,300, rabi da siliki rabi da zare mai narkewa irin Vicryl, aka fitar da sakamako a 2011. Bayan shekara guda, waɗanda gashin ya komo musu ba su wuce 18 zuwa 19 cikin 100 ba a kowane ɓangare. Kusan kunnen doki. Ɗan bambancin da aka gani shi ne tsiron nama a bakin yanka ya fi yawa ga masu siliki. Saboda haka kafin ka buɗe fakitin zare, tambayi mai ciwon daga ina ta zo, da me ta zo, kuma ko za ta iya dawowa bayan mako guda. Na ce "ta" don mata ne suka fi yawa a kan tabarmar jira, kai ma ka gani.

Fara da sanin aikin da zaren yake yi. A hanyar Trabut, wadda aka fi bi a nan Nijar, kana juya fatar ido ta sama a kan farantin ƙarfe, ka yanka ta ciki, milimita 3 daga bakin fatar, ka ratsa tauraren faifan nan da muke ce wa tars, ba tare da ka huda fatar waje ba. Ka sami gida biyu ke nan: babban yanki a sama, da siririn yanki mai ɗauke da gashi. Zare uku ne za su kama babban yankin, su bi ta bayan ƙaramin, su fito a fata dab da saman layin gashi, inda za ka ɗaure. Su ne ke riƙe bakin fatar a juye waje har nama ya kama nama. Wannan riƙo na mako ɗaya zuwa biyu ne. Bayan nan tabo ke riƙewa, zare ya gama nasa.

Siliki 4/0 yana da daɗin hannu. Yana da laushi, ƙullinsa na zama inda ka aje shi, baƙi ne ana ganinsa cikin jini, ga arha. Aibinsa guda ne amma babba: ba ya narkewa, kuma tufkakke ne, yana jan ruwa da ƙwayoyin cuta kamar lagwanin fitila. Dole a cire shi bayan mako guda, kada ya wuce mako biyu. In ya zauna wata ɗaya ko biyu, sai ka ga ruwa na fita daga ramukan allura, fatar ta kumbura, jan nama ya tsiro ta ciki yana gogar ido. Matar da ta zo a kan amalanke daga rugar da ke bayan Bermo, ko wadda aka yi wa aiki ana gab da shuka, ko makiyayin da zai tashi da dabbobi jibi, kada ka sa musu siliki da fatan za su dawo. Ba za su dawo ba, ko kuma wani ya cire musu da reza a gida.

Waɗannan su ne mutanen Vicryl 5/0. Ƙarfinsa ya isa aikin: bayan mako biyu yana riƙe da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, bayan mako uku rabi, ya narke gaba ɗaya tsakanin kwana 56 da 70. Ƙullin da ke waje yakan faɗi da kansa. Sai dai ka karanta fakitin da kyau. Akwai Vicryl Rapide, wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya cikin kwana 5, kafin mako biyu babu saura. Wannan na ɗinkin fata ne kawai, ba zai riƙe tars mai tabo yana ja da baya ba. Kuma Vicryl yana da ɗan santsi, to ƙulli: zagaye biyu a na farko, sannan ɗaya, sannan ɗaya, in ka ji yana zamewa ƙara na huɗu. Tsadarsa ta fi ta siliki nesa, shi ya sa a gari, ga wanda gidansa ke unguwar Zariya ko Sabon Gari kuma zai iya takowa da ƙafa, siliki bai yi laifin komai ba.

Nailan ka bar shi a kwali. Sili ɗaya ne mai tauri, ƙullinsa na kwancewa, in ka ƙara matsawa don ya zauna sai ya yanka nama kamar zare a sabulu, kuma bakinsa da aka yanke tsinke ne a kusa da baƙin ido. Katgut kuwa daga hanjin tumaki ko shanu ake yinsa, yana tayar da kumburi fiye da sauran, kuma ba ka da tabbacin ranar da zai saki, musamman a idon da ke da ruwa.

Lambar kauri ma kada ta ruɗe ka: yawan sifili, ƙarin siranta. 6/0 siriri ne, yakan tsinke ko ya keta tars lokacin ɗauri. 3/0 yana barin manyan ramuka da tabo a bakin fata.

Allura ita ce abin da ƴan koyo ke mantawa. Tars ɗin mai tsohon amadari ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Allura mai zagayayyen jiki, ta ɗinkin hanji, ba ta shigarsa, sai ka yi ta turawa har ta lanƙwashe ko ta kuɓuce wajen ƙwayar ido. Nemi mai kaifi, wadda kaifinta ke ta bayan lanƙwasa, mai lanƙwasar 3/8, tsawo milimita 16 zuwa 19, wadda aka haɗa da zarenta tun daga masana'anta. Allura mai kafa da ake zura wa zare tana jan zare ninki biyu, ramin ya fi zaren girma. Riƙe ta wajen kashi biyu cikin uku daga tsini, ba a kan mahaɗin zare ba, nan ne take karyewa.

Ko da Vicryl za ka ɗinka, ka tanadi siliki 4/0 na jan fatar ido a kan faranti. Shi ana zare shi nan take da an gama.

Inda aiki ke lalacewa da gaske wajen ɗauri ne. Zaren uku su zama tazara ɗaya, ka fara ɗaure na tsakiya, ka duba kafin ka ƙarasa ƙulli. Gashin ya kalli waje da ɗan sama, juyawar ta ɗan zarce kaɗan, don tana komawa in kumburi ya sauka. Ka yi sako-sako, gashi ya koma, galibi a kusurwoyi inda yankan bai kai ƙarshe ba. Ka matse fiye da kima, jini ya daina kai wa siririn yankin, bakin fata ya mutu ko ya yi giɓi, ko ido ya ƙi rufuwa in ana barci. Zare ɗaya ya fi sauran matsewa, bakin fatar ya fito a karkace. Washegari in ka buɗe bandeji ka ga juyawar ba ta isa ba ko ta yi yawa, gyara a ranar, kada ka jira. Wutsiyar zare ka bar kamar milimita 3, ta kalli gira.

Tsofaffin da fatar idonsu ta ƙasa ke naɗewa ciki don saki na tsufa, nasu daban ne. A can mai narkewa ake so, har da katgut, domin tabon da zai bari shi ne maganin. Kada ka haɗa su da masu amadari.

Wajen cire siliki, ɗaga ƙullin, yanka gefe ɗaya kawai a ƙarƙashinsa, ka ja zaren ya fito dukansa. In ka yanka gefe biyu, ƙulli ya zo hannunka, guntun ya zauna ciki, shi ne tsiron naman da za ka gani bayan wata uku. Ƙirga: uku ka sa, uku za su fito. Juya fatar ka duba ciki.

Ragowar zaren mutum ɗaya ba ya zuwa idon wani, ko an jiƙa shi a alkol. Vicryl ba ya shiga tukunyar turara kayan aiki, danshi ne ke narkar da shi, fakitin da ya huje ko ya kwana a buɗe ka jefar. A zafin Afrilu da Mayu kada kwalin ya wuni a bayan mota. Kuma ka rubuta a takardar mai ciwon irin zaren da ka sa da ranar dawowa, don manjo, wato shugaban gidan likitan ƙauyensu, ya san ko cirewa zai yi ko dubawa kawai.