Ajiye irin tumatir na gado

Tambayarka ita ce ko za ka iya cire iri daga tumatirin Brandywine da ka shuka a bayan gida domin ka sake shukawa baɗi. Za ka iya, kuma zai ba ka tumatir mai girma da ɗanɗano irin wanda ka ci, domin tsohon iri ne da aka gada a Amurka tun ƙarni na 19, ba aurarren iri mai alamar F1 a jikin fakiti ba, wanda 'ya'yansa kan fito daban-daban idan aka maimaita shi.

Sharaɗin shi ne ka zaɓi wanda ya nuna sosai a jikin lafiyayyar uwa, ka matse ƙwayoyin da ruwansu cikin kofi, ka bar su kwana 2 zuwa 3 har farar kumfa ta taso, domin yauƙin da ya lulluɓe ƙwayar ya narke, saboda yana hana ta tsirowa. Daga nan ka wanke, ka zubar da waɗanda suka taso sama, ka shanya sauran a inuwa kan faranti. A ganina ambulan ya fi leda wajen ajiya, domin leda tana riƙe laima, irin ya yi fumfuna.