Amsar Baffa kan yawan fassarori

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka buɗe fassarar Alƙur'ani guda biyu, aya ɗaya amma lafazi ya sha bamban, kuma abokinka Kirista ya ce haka abin yake a wurinsu. Kana tambaya, in saƙon ɗaya ne, me ya kawo yawan fassara? Gara da ka tambaya, da ka bar abin yana cin ka a rai.

Duba Baƙara aya ta 228, inda aka ce matar da aka saka ta jira "ƙuru'i" uku. A Larabci kalmar tana ɗaukar haila, tana kuma ɗaukar tsarki. Malikiyya da Shafi'iyya suka ce tsarki, Hanafiyya suka ce haila. Mai karanta Larabcin yana wucewa da ma'anar biyu a bakinsa, amma mai fassara ba shi da wannan gatan, dole ya zaɓi ɗaya ko ya yi bayani a ƙasa. Wani ya zo bayansa ya zaɓi ɗayar, ga fassara ta zama biyu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Shi ya sa malamai ke kiran fassarar Alƙur'ani tarjamar ma'anoni, kuma ba a salla da ita. Ko a Hausa, Shaihu Abubakar Gumi ya yi tasa, Shaihu Nasiru Kabara ya yi tasa.

Abokinka kuwa gaskiya ya faɗa, sai dai nasu ya ƙara da wani abu. Littafi Mai Tsarki asalinsa Ibrananci ne da Aramiyanci da Girkanci, kuma kwafin hannu ne aka yi ta gada. Da aka gano tsofaffin naɗaɗɗun rubuce-rubuce kusa da Tekun Gishiri a 1947, sai masu fassara suka koma suna gwada su da abin da ke hannunsu.

Sannan harshe yana tsufa. Turancin fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611, yaron Ingila na yau sai ya yi ta tuntuɓe a cikinsa. Ni kaina wata Hausar da kuke yi a waya sai an fassara mini!

Akwai kuma mai bin kalma da kalma, akwai mai bin ma'ana. Ni na fi son na farkon in zan yi nazari, ko da Hausarsa tana ɗingishi. Turo mini ayar da ka gani, mu duba tafsirinta tare.